Tambaya da Amsa: Kwamfutar da ke ƙirga jijiyoyin gindin farce

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni da yawa sun taru a kan abu ɗaya, gwajin nan da ake ɗiga mai a gindin farce a ɗora 'yar kyamara, sai ga siraran jijiyoyin jini ɓaro-ɓaro a sikirin, kwamfuta kuma ta hau ƙirga da awo. Na tsamo wasu daga ciki, na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Shekarata 34, kuma an kwana biyu in na taɓa ruwan sanyi ko na daɗe a ɗaki mai AC sai kan yatsuna su yi fari fat kamar babu jini, can kuma su yi duhu, in sun fara dawowa sai zugi da raɗaɗi. Likita ya tura ni gwaji, aka ɗiga min mai a gindin farce aka ɗora kyamara, na ga wasu jajayen abubuwa a lanƙwashe, mai gwajin yace kwamfuta ce zata ƙirga su sannan likita ya duba. Dan Allah me suke nema, kuma ita kwamfutar abin yarda ce? Wallahi hankalina bai kwanta ba. Daga wata mai karatu.

Amsa: Toh 'yar'uwa, da farko ki kwantar da hankalinki, likitanki ya bi hanyar da ta dace. Abin da kika kwatanta, yatsu su yi fari, su koma duhu ko shuɗi-shuɗi, sannan su yi ja da zugi lokacin da jini ya dawo, likitoci na kiransa da sunan Maurice Raynaud, likitan Faransa da ya yi bayaninsa dalla-dalla a 1862. Jijiyoyin yatsu ne ke tsukewa fiye da kima in sun ji sanyi ko in mutum ya shiga tashin hankali. Kuma ba baƙon abu bane, ana ƙiyasta mutum 3 zuwa 5 cikin 100 na da shi, yawanci mata, kuma mafi yawansu iyakar matsalar kenan, babu wata cuta a ƙarƙashi, sai dai a riƙa kare hannu daga sanyi. Amma akwai 'yan kaɗan da wannan shine alamar farko ta wata cutar garkuwar jiki, musamman sikilarodama, wadda ke sa fata ta yi tauri ta ɗaure, in ta yi nisa ta taɓa huhu da hanyar abinci da ƙoda da zuciya, kuma sau da yawa matsalar yatsun kan riga sauran alamomin fitowa da shekaru. Aikin gwajin da aka yi miki, kafilaroskofi, shine ya raba waɗannan kashi biyun tun da wuri.

Me yasa gindin farce? A sauran fatar jiki waɗannan siraran jijiyoyin a tsaye suke tasowa zuwa sama, in kin leƙa da maikiroskof ɗigo kawai zaki gani, kan lanƙwasar. A fatar gindin farce kuwa, layin ƙarshe a kwance yake, sai ki gansu gaba ɗayansu a jere, kowace da siffar harafin U a kife, jini ya shiga ta ƙafa ɗaya ya zaga ya fito ta ɗayar. Man da aka ɗiga kuma ba magani bane, yana hana hasken tarwatsewa ne a kan busasshiyar fata don a iya hango ciki, dabarar da aka gano tun farkon ƙarni na 20. Shi kanshi ganin irin waɗannan jijiyoyin tsohon labari ne, Marcello Malpighi na Italiya ya gansu a huhun kwaɗo tun 1661. Amfaninsu a cutar sikilarodama ne ya fito fili a 1973 ta aikin Hildegard Maricq da Carwile LeRoy a Amurka, sannan a 2000 Maurizio Cutolo na Jenowa ta Italiya ya kasa sauye-sauyen gida uku, matakin farko, matakin da cutar ke ci, da matakin ƙarshe.

Ga abin da ake dubawa. Mai lafiya yana da jijiya 7 ko fiye a kowace milimita ɗaya ta layin ƙarshen, sirara, faɗin kowace bai kai maikiromita 20 ba, wato kashi 20 cikin 1,000 na milimita. In wata ta kumbura ta haura maikiromita 50 ana kiranta ƙatuwa, kuma ko guda ɗaya aka gani likita zai ɗaga gira. Sai ɗige-ɗigen jinin da ya tsiyaya daga jijiyar da ta fashe, su kan fito a jere suna hawa sama yadda fata ke girma. In abu ya yi nisa sai ki ga fili fetal babu jijiya ko ɗaya, 'yan da suka rage kuma sun yi rassa barkatai saboda jiki na ƙoƙarin tsiro da sababbi.

Don ki san gwajin na da nauyi: a Montiriyal ta Kanada an bi mutum 586 masu irin matsalar yatsunki na tsawon shekaru, aka fitar da sakamako a 2008. Waɗanda jijiyoyinsu suka nuna matsala kuma gwajin jini ya nuna sinadaran garkuwa na wannan cuta, kusan 80 cikin 100 sun kamu daga baya. Waɗanda duka biyun suka fito lafiya, ƙasa da 2 cikin 100. Kinga ashe babban amfanin gwajin ga yawancin mutane shine a ce musu su je su yi barcinsu.

Batun yarda da kwamfuta kuma, nawa ra'ayin shine a wajen ƙirga da awo ta cancanci a yarda da ita, in hoton ya fito tsaf. Amma ƙirga daban, gano cuta daban. A ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka fitar tare a 2013, ana neman maki 9 kafin a sa mutum a sahun masu sikilarodama, kuma matsalar jijiyoyin farce maki 2 kacal ce. Canza launin yatsu 3, gwajin jini 3. Lissafa ki gani, duka ukun 8 ne, sai an haɗa da abin da likita ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa. Tunda abin ya fara miki bayan shekara 30, ki tabbata an yi gwajin jinin ANA, wanda ke neman sinadaran garkuwa masu yaƙar jikin mutum da kansa, kuma in kin lura da kumburin yatsu, gyambo a kan yatsa, fata na ɗaurewa, ƙwannafi mai naci ko haki, ki faɗa masa kar ki jira ya tambaya. Ki kuma kai masa duk magungunan da kike sha, wasu na hawan jini da na ciwon kai suna ƙara tsuke jijiyoyin.

Tambaya: Yaya barka. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne ina neman abin da zan yi aikin kammala karatu a kai, naga ana cewa manhaja na iya auna har gudun jini daga bidiyon yatsa. Ta yaya take yi, kuma ina wahalar take? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ƙanena ka zaɓi abu mai daɗi, amma ka shirya, wahalar ba inda kake zato take ba. Fara da sanin me kyamarar ke gani. Bangon jijiyar baya fitowa, siriri ne garai-garai. Abin da kake gani ja ɗin nan jerin jajayen ƙwayoyin jini ne a ciki, kowace faɗinta maikiromita 7 zuwa 8, saboda himogulobin ɗin cikinsu, sinadarin da ke ba jini launin ja, na shanye koren haske da shuɗi. Shi yasa masu wannan aiki ke haskawa da koren fitila ko su ɗauki koren sashe na hoton kawai, nan ne jijiyar ke fitowa baƙa wuluk a kan fata mai haske. Wannan na nufin jijiyar da jini ya ɗan tsaya bata da ƙwayoyi a wannan daƙiƙar zata iya ɓacewa daga hoton alhali tana nan, sai manhajarka ta ƙirga 6 a inda akwai 8, ta tayar wa mutum da hankali a banza. Bidiyo na maganin wannan, ana haɗa hotuna da yawa a tattaro duk wadda ta taɓa bayyana.

Matsala ta farko kuma ita ce motsi. An ninka girman abu sau 200, filin da kake gani bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba, to numfashin mutum kaɗai ko bugun zuciyarsa ya isa ya sa hoton rawa, ballantana tsoho mai karkarwar hannu. Dole manhaja ta fara daidaita kowane hoto da na gabansa, ta zaunar da su wuri ɗaya, ta watsar da waɗanda suka yi dishi-dishi ko kumfar mai ta rufe ko haske ya ƙyalle. Wasu tsarin har ɗinke hotunan suke yi gefe da gefe su fitar da dogon hoto ɗaya na gindin farcen daga wannan kusurwa zuwa waccan, don kar mai gwaji ya zaɓi wurin da ya fi masa kyau ya bar inda matsalar take.

Sai mataki na biyu, ware jijiya daga fata. A da ana rubuta ƙa'idoji da hannu, a ce wa kwamfuta ta nemi dogon abu siriri mai duhu mai lanƙwasa. Yanzu galibi koya mata ake yi da misalai, ƙwararru su zauna su yi wa dubban jijiyoyi alama ɗaya bayan ɗaya, nan kan lanƙwasa, nan faɗi, wannan ƙatuwa ce, wannan jini ne ya tsiyaya, wannan datti ne kawai, ita kuma ta koyi tsarin. Ka nemi U-Net, tsarin da aka fitar a Jami'ar Freiburg ta Jamus a 2015 don hotunan likitanci, da shi da 'yan'uwansa ake yawan wannan aikin. In ta ware su, sauran lissafi ne: nawa ne a milimita, faɗin kowace, yaya karkacewarta. Amma akwai tarko ɗaya, layin ƙarshe kaɗai ake ƙirgawa, kuma yanke hukuncin wace jijiya ce a layin ƙarshe wace ce a bayansa, ko ƙwararru biyu kan saɓa. Wannan saɓanin ma shine asalin dalilin da yasa aka nemi kwamfuta, ga kuma cin lokaci, yatsu 8 ake dubawa banda manyan yatsu, in an ɗauki hoto 2 zuwa 4 a kowane kaga hoto 16 zuwa 32 kenan na mutum ɗaya, wane likita ne ke da lokacin auna kowace jijiya da hannu mutane na jira a layi?

Yanzu gudun jinin. Ka ɗauka kana kan gadar sama kana kallon jerin motoci duk iri ɗaya launi ɗaya manne da juna, ba zaka iya bin mota guda da ido ba, amma in akwai giɓi tsakanin biyu zaka iya bin giɓin ka san saurin layin. Haka manhajar ke yi, tana bin giɓin ruwan jini da ke tsakanin ƙwayoyin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ja layi ta tsakiyar jijiyar, ka ɗebo hasken da ke kan layin a kowane hoto, ka jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Giɓin da ke tafiya zai fito a matsayin zane a karkace, kuma karkacewar zanen ita ce saurin. Akwai kuma masu lissafa motsin kowane ɗigon hoto daga wannan hoton zuwa na gaba. A mai lafiya da ke zaune a natse jinin nan na tafiyar wajen rabin milimita zuwa milimita ɗaya a daƙiƙa. Yi lissafi da 0.6: kyamara mai hoto 30 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto ƙwayar ta yi maikiromita 20, kusan tsawon ƙwayoyi uku, da wuya ka gane wane giɓi ne ya koma ina. In kyamarar na ɗaukar 120, maikiromita 5 ne kacal, aiki ya yi sauƙi. Don haka kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja ka tambayi saurin kyamarar.

Kuma kar ka yarda da lamba ɗaya. Gudun jini a jijiya guda yana hawa yana sauka, ya tsaya cak ya sake tashi, maƙwabciyarta kuma nata daban, sanyin ɗaki ko sigari ko kofi duk suna canza shi, shi yasa ake zaunar da mutum minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai matsakaicin ɗumi kafin a fara. Wannan ne dalilin da har yau siffar jijiyoyi ce likita ke dogaro da ita, gudun jinin na ɓangaren bincike.

In kana neman waɗanda zaka karanta aikinsu, ka fara da Jami'ar Manchesta a Ingila, tawagar Ariane Herrick da Chris Taylor da Michael Berks, sun shafe shekaru a kai, kuma a 2023 sun nuna tsarinsu na iya bambance masu sikilarodama da waɗanda basu da ita daidai da ƙwararru, har ma da hotunan ƙaramin maikiroskof mai arha da ake jonawa da kwamfuta, wanda a ganina shine ɓangaren da ya fi muhimmanci. Akwai masu irin aikin a Zurik ta Suwizalan, akwai kuma manhajar Capillary.io ta Sifaniya. Shawarata, kar ka ce zaka gina mai gano cuta, ba zaka samu isassun hotuna ba. Gina wadda zata duba hoto ta ce wannan ya yi, wannan a sake ɗauka. Ƙaramin aiki ne a ido amma duk sauran a kansa suke zaune.

Tambaya: Malam, wani mai sayar da maganin ƙarin lafiya ya sa yatsana a irin wannan na'ura, ya nuna min jijiyoyina a karkace yace jinina ya yi kauri da datti, hantata ta gaji, kwamfutarsa har ta buga min maki 41 cikin 100. Na sayi kwalabe uku. Shekarata 61. An cuce ni ne? Daga wani dattijo.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na'urar dai mai yiwuwa ta gaskiya ce, kuma abin da ka gani a sikirin jijiyoyinka ne ba ƙarya. Fassarar ce ba ta da tushe. Karkacewar jijiyoyi da sarƙewarsu abu ne da ake gani a masu lafiya garau, yana ma ƙaruwa da shekaru da aikin hannu, ɗan ɗigon jini kuma cizon farce ko yankan fatar gefe ko buguwa na kawo shi. Babu inda aka tabbatar gindin farce na faɗin halin da hanta ke ciki, ballantana wani abu wai shi dattin jini. Kuma in ya sa yatsanka hannunka da sanyi, dole jinin ya tafi a hankali, bayan ka sha kwalbarsa ka dawo hannu da ɗumi sai ya nuna maka ya gudu, yace aikin magani ne.

Shi kuma makin 41 ɗin, a nan ne abin ke bani haushi, don lamba a sikirin na da kwarjinin da bakin mutum bai da shi, mutum zai yi gardama da mai talla amma in kwamfuta ta buga sai ya yi shiru. Tambayar da zaka yi wa duk wani mai irin wannan ita ce 41 na me, an gwada shi a kan su wa, wace hukuma ta amince. Manhajar kirki cewa take yi jijiya kaza a milimita, faɗi kaza. In hantar ce ke damunka, gwajin jini a asibiti ke nuna ta. Kwalaben kuma ka kai wa likita ko mai haɗa magani ya karanta abin da ke ciki kafin ka ci gaba da sha, musamman in kana kan wani maganin.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, an koya mana amfani da na'urar. Na lura a masu hasken fata jijiyoyin na fitowa tar, a masu duhun fata kuma wani lokaci sai na yi ta fama ban ga komai ba, manhajar kuma sai ta ce jijiyoyin sun yi kaɗan. Laifina ne ko na na'urar? Daga wata nas.

Amsa: Sista, idonki ya ga gaskiya, kuma wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci a wajena. Melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, yana saman jijiyoyin ne, kuma shi ma yana shanye haske, ya fi ma shanye shuɗi da kore, wato daidai hasken da ake buƙata don jinin ya fito. To hasken zai ratsa shi ya shiga, ya sake ratsa shi ya fito, abin da ya iso kyamara ya ragu, bambancin jijiya da fata ya dushe. Mutum in bai gani ba zai ce ban gani ba. Manhajar da ba a koya mata faɗin haka ba ƙirga abin da ta hango zata yi ta buga, sai rashin gani ya koma rashin jijiya, wanda kuma shine alamar cuta mai nisa. Kinga haɗarin.

Ƙari a kan haka, manhaja abin da aka nuna mata ta sani, kuma manyan cibiyoyin da suka tara hotunan koyarwa yawancinsu a Turai suke, marasa lafiyarsu galibi fararen fata. An taɓa ganin irin wannan da na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa: binciken Jami'ar Mishigan na 2020 ya gano tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare, bayan shekara da shekaru ana amfani da ita ba a damu ba. Abin takaicin kuma sikilarodama ta kan fara da wuri ta kuma fi tsanani a baƙaƙen fata, wato waɗanda suka fi buƙatar a gano musu da wuri su ne hoton nasu ya fi wuya.

Abin da ke hannunki: ki fi mai da hankali kan yatsa na huɗu da ƙaramin yatsa, fatarsu ta fi bari a gani. A wanke hannu a shanya, ki sa isasshen mai ba kumfa, ki ɗan karkata kyamarar har ƙyallin ya kauce, ki daidaita ƙarfin fitilar, kuma kar ki danna, dannawa na korar jinin jijiyar ta ɓace. Ki tambaya ko an yi gyaran farce a makonnin nan. In duk da haka bai fito ba, ki rubuta da hannunki cewa hoton bai karantu ba, kar ki bar lambar manhajar ta tafi wajen likita ita kaɗai. Kuma in wakilin kamfanin ya zo, ki tambaye shi kai tsaye kashi nawa na hotunan da aka koyar da ita na masu duhun fata ne.

Tambaya: Mahaifiyata na karɓar maganin kansa, kullum ana ɗibar jininta don duba fararen ƙwayoyi har hannun ya gaji. Naji wai akwai na'urar da ke dubawa ta farce ba allura. Gaskiya ne? Daga wani mai jinya.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, kai kuma ya saka maka. Akwai ƙamshin gaskiya a labarin. Fararen ƙwayoyi basu da himogulobin, haske na ratsa su, kuma sun fi jajaye girma har suna kusan cika faɗin jijiyar, to in guda ta zo wucewa sai a ga wani farin giɓi na tafiya cikin jan layin, jajayen sun taru a bayanta. Masu bincike daga jami'ar MIT a Amurka sun yi amfani da wannan, a 2018 suka fitar da sakamakon gwaji kan mutum 11 masu karɓar kemo, wato maganin kansa, bidiyon minti ɗaya na gindin farce, a ƙirga giɓin da ke wucewa. Daga nan kamfanin Leuko ya ƙera na'urar da ya kira PointCheck. Amma ka lura da abin da aka gina ta ta yi: ba cikakken lissafin jini take bayarwa ba, tambaya ɗaya take amsawa, shin fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil sun faɗi ƙasa da 500 a maikirolita, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini, ko basu faɗi ba, don nan ne layin haɗari. Bata faɗin yawan jini, bata faɗin ƙwayoyin daskarar da jini, kuma likitan Mama na buƙatar duka kafin ya ba da zagaye na gaba. Don haka allurar na nan tukuna.

Abin da zai amfane ku yau shine ma'aunin zafin jiki a gida. Fararen ƙwayoyin sun fi faɗuwa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, in zafinta ya kai digiri 38 a wannan tsakanin, ko tana rawar sanyi, asibiti za a nufa a lokacin ko tsakar dare ne, kar a bata maganin zazzaɓi a ce a ga safiya. Batun hannu kuma ku yi wa masu jinyar magana, akwai hanyoyin rage yawan huda.

Tambaya: To mu masu sikila da masu ciwon suga fa, zai mana amfani? Kuma zan iya yi da wayata? Daga wata matashiya.

Amsa: Ƙanwata, masu bincike sun leƙa gindin farcen masu sikila da masu suga da masu hawan jini, kuma sun ga sauye-sauye, amma sauye-sauyen ba su keɓanta da cuta ɗaya ba, ba a gano ko ɗayansu da wannan gwajin, ba a kuma canza wa kowa magani saboda shi. Sikila gwajin jini ke nuna ta, mai suga kuma in ana son ganin halin ƙananan jijiyoyinsa bayan ido ake dubawa duk shekara da gwajin fitsari na ƙoda, kar ki bari wani ya musanya miki su da hoton farce. Inda gwajin ya zauna da gindinsa shine matsalar canza launin yatsu, sikilarodama, da wata cutar tsoka da fata mai suna damatomayosaitis.

Waya kuma, kyamararta ita kaɗai ba zata nuna ba. In an maƙala mata gilashin ƙara girma aka ɗiga mai, ana iya hango ƙattin jijiyoyi da ɗigon jini, likitocin fata ma na yin haka da 'yar fitilarsu mai ninka abu sau 10. Ƙirga na ƙa'ida da auna gudun jini sun fi ƙarfin wannan. Amfanin wayarki na gaske shine in yatsunki na canza launi, ki ɗauki hotonsu a daidai lokacin da abin ke faruwa, ta ciki da ta baya, a wuri mai haske, ki kai wa likita, don da wuya abin ya tashi a gabansa, kuma a duhun fata ta ɓangaren tafin hannu aka fi ganinsa.